Gawar da Ta Jira Izinin Darakta

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ta tsakiyar bazara ba, ranar da na yi gudun da ban taɓa yin irinsa ba, da babbar riga da takalmi sau-ciki, ni da tumbin nan da kuke gani. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin kafin in tattara komatsaina in bar muku ofis, to ga shi. Wasunku sun ji shi gutsi-gutsi a bakin direbobi, an ƙara masa gishiri har ya fi ƙarfin miya. Yau za ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ina mataki na takwas, ina riƙe da teburin al'adu a sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu kai saƙon hukuma ƙauyuka, ko na rigakafi ne ko na rabon taki. Haka kuma duk baƙon da zai yi taro ko wasa a ƙasarmu, sai takardarsa ta bi ta teburina. Na yi wannan aiki a Rabah, na yi a Goronyo, na yi a Wurno. Ba zan ce muku a wacce abin ya faru ba, wanda ya sani ya sani.

Sai kun san ciwona kafin ku gane labarin. Ni mutum ne mai son littattafan wani marubuci guda, wanda ba zan kama sunansa ba. Mutumin nan Allah ya ba shi baƙar dariya. Zai sa ka ƙyalƙyata har hawaye, sai ka rufe littafin ka ga ashe kanka kake yi wa dariya. Yana da wani littafi a kan kwamitin da aka naɗa ya binciko dalilin ƙafewar gulbi, suka yi ta zama a cikin gulbin shekara da shekaru har ruwa ya dawo ya tafi da su da fayil-fayil ɗinsu. Wannan an mayar da shi fim, na saya da ɗokina, sai na tarar an cusa masa waƙa da rawa har sau biyar, an kuma aurar da sakataren kwamiti a ƙarshe. Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Matata Hajara ta ce ko rasuwa aka yi mini ban yi wannan zaman makoki ba.

Amma wanda na fi so duka shi ne na masinja. Wani ciyaman ya gina wa sabuwar maƙabarta katanga da ƙofa mai fenti, aka gayyaci manyan baƙi bikin buɗewa, sai mutanen garin suka ƙi mutuwa. Kwamitin biki ya yi ta zaga gidajen marasa lafiya yana gaishe su da jiki, in aka ce da sauƙi sai ransa ya ɓaci. Da ranar ta zo babu gawa, aka miƙa wa masinjan ofis takarda cewa an zaɓe shi ya wakilci mamaci. Ya kwanta a makara cikin rana, manya suka yi ta jawabi ɗaya bayan ɗaya, har zafi ya kashe shi da gaske. Littafin ya ƙare da takardar yabo ga kwamiti, saboda ya shirya biki babu ha'inci a ciki. Na karanta shi ya fi sau goma, bangonsa har ya rabu da jikinsa.

To ku ƙiyasta yadda na ji ranar da shugaban sashenmu, Alhaji Garba, ya kira ni ya miƙo mini takardar wasu 'yan fim daga Kano, suna neman izinin ɗaukar wani sashe na wannan littafi a ƙasarmu. Na ji kamar an ce mini an ba ni kujerar Makka. Daraktansu wani matashi ne mai suna Nura, siriri, mai hular rana da yawan magana. Kwana biyu ina yawo da shi a bayan babur yana neman fili. Na kai shi wajen Sisawa, ya ce babu itatuwa. Na kai shi har kusa da Rara, ya ce hasken bai yi masa ba. Muna dawowa ta hanyar Marnona ya hango wani fili mai manyan kukoki a bakin wani ƙauye, ya daki kafaɗata ya ce, “Tsaya, Malam Shehu! Nan ne!”

Na taka birki na dubi wurin da kyau. Duk faɗin ƙasar nan bai ga inda ya yi masa ba sai ƙauyen su Hajara, inda mahaifinta yake limanci.

Ga yadda ƙa'idar aikin take. In an ba da izini, ni zan rubuta wa hakimi, hakimi ya sa hannu a sauke wa mai gari. Mai gari ya sa mai shela ya zaga gari, ya kuma gaya wa liman ya sanar a masallaci. Amma akwai abin da ba a rubuta a kowane fayil ba, wanda duk tsohon ma'aikaci ya sani: jami'i da kansa yake zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya zauna da mai gari da liman, ya yi musu bayani baki da baki. Alhaji Garba ma sai da ya tuna mini. Ya ce, “Malam Shehu, ka tahi da ƙahwarka ka hwaɗa masu. Wagga magana ta gawa da makara ta, ba ta aike ba ta.” Na ce, “To, ranka shi daɗe.”

Ban je ba. Kuma ba ƙiwa ce ta hana ni ba, kunya ce. Shekara goma sha takwas da auren Hajara, ban taɓa haɗa ido da Baba Liman ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in yi gaisuwa ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon maƙogwaro, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. Haka muka gada, haka kuma nake jin daɗinsa. To yaya zan durƙusa gaban wannan dattijo in ce masa na kawo mutanen da za su naɗe mai rai a likkafani su yi wasa da shi a bakin garinsa? Na yi ta juya maganar a raina, bakina ya ƙi ɗaukarta. Sai na karɓi takardar daga ofishin hakimi da hatiminta da komai, na ba wani mai babur ya kai gidan mai gari. Na rubuta a fayil cewa an sanar, na rufe, na ce wa kaina ai doka ta cika.

Abin da ban sani ba, mai gari ya tafi Goronyo duba ƙanensa da ba shi da lafiya. Mutanen gida suka karɓi takardar da hannu biyu, suka soke ta a jikin azarar zaure don kada ta ɓata, tana jiran mai ita.

Ranar Laraba da hantsi muka isa da motoci biyu. 'Yan fim suka kafa ƙofar maƙabartar ƙarya ta katako a can ƙarshen fili, suka shafa mata koren fenti. Makara kuwa wani kafinta ya yi musu ita a Wurno. Wanda zai fito a masinja wani ɗan Sakkwato ne, Isiyaku, dogo ramamme, an ce saboda ramar aka ɗauke shi. Aka naɗe shi da farin yadi, aka bar masa 'yar kafar shan iska, aka rufa tabarma. Mutum shida za su ɗauko shi daga bakin hanya su nufi ƙofar, mai fitowa a ciyaman da mai fitowa a sakatare suna biye da manyan riguna. Nura yana son a ga fili duka, don haka ya hau da kyamara kan rufin babbar motar, can nesa, ni ma na bi shi da kyar.

Sau uku ana farawa Isiyaku yana ɓata aiki. Na farko ya yi atishawa. Na biyu ya sosa ƙafa da ƙafa. Na uku ya ɗago kai yana tambaya ko an gama. Nura ya sauko a fusace ya tsaya a kansa ya ce, “Wallahi Isiyaku, ko sama za ta faɗo kada ka motsa. Ko me ka ji, ko wa ya taɓa ka, kai gawa ne har sai ka ji kat daga bakina.” Kat ita ce kalmar da darakta ke faɗa in yana son a tsaya. Isiyaku ya ce ya ji, aka mayar da tabarma.

Kafin a fara na huɗu ni da Nura muka koma gardamar da muke yi tun ranar farko. Shi ya ce a fim ɗinsa masinja ba zai mutu ba, zai tashi ya tona wa ciyaman asiri, don mutane ba sa son su kashe kallo da baƙin ciki. Ni kuwa na ce in masinja bai mutu ba, to an kashe littafin. Na yi ta kawo masa hujja, har da shafi. Ina cikin zuba ke nan ya ɗaga mini hannu, aka fara ɗauka.

Makara ta taso daga bakin hanya. A gefen hanyar akwai rumfunan da mutanen garin ke ajiye albasa, maza na zaune a inuwa suna tsince ruɓaɓɓu. Sai na ga mutum guda ya miƙe ya kakkaɓe riga. Sai na biyu. Sai rumfa ta tashi gaba ɗaya. Masu sharar gona a can gefe suka jefar da manjagara. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya bar su da ɗan'uwansa ya nufo. Ai kun san halin mutanenmu: ba a ganin makara a zauna, ko ta wane ne. Kuma ba a barin mutum shida su ɗauke ta su kaɗai, kowa yana son ya sa kafaɗa ya samu lada. Wannan ya karɓi wancan, wancan ya karɓi na gaba, kafin a yi taku hamsin babu ɗan fim ko ɗaya a ƙarƙashin makarar.

Nura ya ɗago daga kyamara fuskarsa fal murna. Ya ce, “Malam Shehu, ashe haka ka shirya mana jama'a ba ka faɗa ba? Kai, Allah ya saka! Dubi yadda suke yi kamar gaske!” Su ma 'yan fim ɗin da ke ƙasa abin da suka ɗauka ke nan, suka ja baya suna bin sahu da fuskar jimami. Ni kuwa na gane wanda ke gaba. Arzika ne, maƙwabcin surukina, mutumin da ko rediyo bai yarda da wasan da ake yi a cikinta ba. Nan na gane mutanen nan ba wasa suka ɗauki abin ba.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya gudana a ƙasa. Arzika ya dubi ƙofar katako ya ce, “Ku bayin Allah, wagga ba hanyar maƙabarta ba ta. Wa ar rasu?” Mai fitowa a sakatare ya ɗauka cikin wasan ne, ya sunkuyar da kai ya ce masinjansu ne. Arzika ya ce, “Allahu akbar, baƙo na ke nan. An yi mai wanka?” Ya ce an yi. “An yi mai salla?” Babu wannan a takardar da aka ba sakatare ya haddace, sai kawai ya ce a'a. Arzika ya ce, “Subhanallahi! Ku kai mutum rami ba salla? Ku juya, mu tahi wurin Liman.”

Daga kan mota na ga makara ta yi kwana ta bar fili ta nufi cikin gari, da saurin nan da ake yi da gawa. Nura ya fara ihu, “Kat! Kat!” Amma tsakaninmu da su akwai nisa, ga iska tana kaɗowa ta wajenmu, ga jama'a na ta salati. Babu wanda ya ji shi, balle Isiyaku da ke cikin tabarma.

A nan ne hankalina ya kawo mini abin da zai faru. Ba binne Isiyaku nake tsoro ba, na san kafin a kai ga rami dole ya yi magana. Abin da nake tsoro shi ne Baba Liman ya tsaya gaban jama'arsa ya ɗaga hannu ya yi wa mai rai sallar gawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana limanci ba a taɓa kama shi da kuskure ba, a wayi gari ana ba da labarinsa a tashar mota da kasuwar albasa ana dariya. Kuma wa ya jawo? Mijin 'yarsa. Ban san lokacin da na sauko daga motar ba. An ce tsanin ma ban taka rabinsa ba.

Na yi gudu, jama'a. Na tattare riga na rungume, hula ta faɗi ban waiwaya ba. Takalmi ɗaya ya cire a cikin kunyar gero, na bar shi nan. Awaki suna watsewa, mata suna leƙowa ta kan danga suna cewa, “Wayyo, ɗan'uwan mamacin na, Allah shi ba shi haƙuri.” A bayan wani rumbu na wuce mai fitowa a ciyaman, ya gane abin ya ɓaci, ya tuɓe babbar rigar ya laɓe yana zare ido. Ko kallona bai yi ba.

Da na iso ƙofar masallaci an riga an ajiye makara, an ja sahu uku, kowa ya tuɓe takalmi. Baba Liman yana gaba da rawaninsa, ya juya yana cewa a daidaita sahu. Ya fuskanci alƙibla. Na ga hannayensa sun fara tashi.

Shekara goma sha takwas ban ɗaga murya a gabansa ba. Ranar na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya na ce, “Baba! Baba Liman, dakata! Wanga mutum da rai nai!”

Wurin ya yi tsit, har kukan kurciya ana ji. Baba Liman ya sauke hannu a hankali, ya juyo. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido, ni ba hula, ƙafa ɗaya da takalmi, ina haki kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya tako ya durƙusa gaban makara, ya yaye tabarma, ya buɗe fuskar. Ga Isiyaku ido a rufe, gumi na tsattsafowa a goshinsa. Baba Liman ya sa yatsa ya shafo gumin ya duba.

Ya ce, “Bawan Allah, in kana da rai ka tashi.”

Isiyaku bai motsa ba.

Ya sake cewa, “Bawan Allah, da kai nika magana.”

Sai Isiyaku ya buɗe ido ɗaya, ya ce cikin raɗa, “Allah shi gahwarta Malam, darakta bai ce kat ba.”

Sahu na farko ya watse. Wani tsoho ya bar sandarsa ya yi ta kansa, ya fi ni gudu. Arzika ya ja da baya yana innalillahi har ya zauna a cikin kwandon wani. Sai ga Nura ya iso da kyamara a kafaɗa, numfashi na neman ƙare masa, ya ce da 'yar muryar da ta rage, “Kat.” Isiyaku ya tashi zaune cikin likkafani ya ce don Allah a ba shi ruwa. Daga nan wani ya fashe da dariya a sahun baya, ta kama kowa kamar gobara. Amma ba kowa ya yi ba. Na ga wasu dattawa fuska a murtuke, ana cewa an raina gari, an yi wasa da mutuwa. Ni dai na durƙusa a inda nake, na rasa inda zan sa kaina.

Baba Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce tunda jama'a sun baro aikinsu sun taru don Allah, ba za a watse haka nan ba. Ya sa aka yi wa mamatan garin addu'a, aka roƙa wa baƙon da ke zaune cikin likkafani tsawon rai. Ya ce da Arzika da duk wanda ya sa kafaɗa, niyyarsu ta alheri ce, Allah ba ya tozarta ta. Da haka wutar ta mutu. Sannan ya ce ni da darakta da “gawar” mu same shi a zaure.

A zaure na durƙusa a inda na saba, can bakin ƙofa. Ya ce, “Matso, Malam Shehu. Wanda yat tsai da salla ba shi zama nesa.” Na matso. Ya ce, “Mi na na wanga abu?” Na faɗa masa gaskiya duka: izini, da takardar da na aiko, da zuwan da ban yi ba. Aka aika gidan mai gari, aka zaro takardar daga jikin azara ko buɗe ta ba a yi ba. Ya juya ta a hannu, ya ce, “Mi ah hana ka zakkuwa da kanka?” Na ce, “Kunya, Baba.” Sai ya ce, “Kunyar da tah hana ka hwaɗa min magana cikin zaure, ita tak kusa ba ni kunya gaban gari duka.” Wallahi da bulala ya sa aka yi mini da ta fi mini sauƙi.

Sai kuma ya ce in ba shi labarin littafin. Na fara a ɗarare, amma kun san ni da littafin nan, kafin in kai tsakiya na manta gaban wa nake, har ina kwaikwayon muryar ciyaman. Da na zo inda kwamiti ke jin haushin marasa lafiya don sun samu sauƙi, Baba Liman ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban taɓa sanin yana dariya haka ba. Da na kai ƙarshe ya ce, “Tau, a littahin ya mutu?” Na ce ya mutu. Ya ce, “Duk taron ga, ba wanda yat tashi yac ce a duba shi?” Na ce babu. Ya gyaɗa kai ya ce, “Mai littahin ga ya san mutane ƙwarai. Amma bai san su duka ba.” Nura ya dube ni ta gefen ido, ni kuwa na dubi tabarma.

Ya ba da izini a ƙarasa aikin washegari bisa sharaɗi uku: mai shela ya zaga gari tukuna, kada makara ta kusanci masallaci, kuma a riƙa buɗe wa Isiyaku fuska ana ba shi ruwa. Da za mu fita ya ce, “Shekara goma sha takwas da nib ba ka ɗiyata, sai yau nij ji muryarka. Ashe kana da ita.”

Mako na zagayowa na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya yi bayanin laifinsa a rubuce. Na amsa ba tare da kwana-kwana ba, na ce an umarce ni in je ban je ba, kuma na rubuta an sanar alhali ban tabbatar ba. Aka sa mini gargaɗi a fayil, yana nan har yau, shi kaɗai ne a shekara talatin da biyar. Alhaji Garba ya kira ni don ya yi mini faɗa, ya ɗaure fuska ya fara, da ya zo kan “darakta bai ce kat ba” sai ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa na rawa. Ya yi mini nuni da hannu in fita.

Fim ya fito bayan wata bakwai. Masinja bai mutu ba. Ana tsakiyar jawabi sai ga wani akawu mai tumbi ya sheƙo da gudu, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, yana ihu a duba mutumin nan. Hajara ta kalla ta dube ni ta ce tumbin bai kai nawa ba. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa littafin ya fi fim ɗin, kuma duk wanda ke son gardama ya same ni a gida. Sai dai ban ƙara cewa dole masinja ya mutu ba, tunda ni da ƙafata na je na hana.

Isiyaku kuwa bai yar da zumunci ba. Duk shekara bayan salla sai ya hawo babur daga Sakkwato da ƙullin dabino ya zo gaishe da Baba Liman, shi kuma da ya hango shi sai ya ce, “Maraba da gawata.” Ni ma daga ranar nan zamana a zauren ya canza. Ina tuɓe takalmi, ina durƙusawa, amma muna hira. Sai da na karanta masa littafin kwamitin gulbi daga farko har ƙarshe.

Shekara huɗu bayan haka Baba Liman ya rasu, wata Asabar bayan sallar asuba. Ban aika kowa ba, ni na kira Isiyaku da bakina. Kafin a gama shiri ya iso. Aka yi salla a daidai wurin da aka ajiye Isiyaku a da, yau kuwa yana sahun farko. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, mutane suka zo karɓa kamar yadda aka saba, ya ƙi saki. Wani zai yi magana, Arzika ya ce, “Ku bar shi, shina da hakki.” Haka ya riƙe har bakin kabari. Da aka gama rufewa ya matso kusa da ni, hawaye na bin ramammiyar fuskarsa, ya ce, “Malam Shehu, yau kam ba mai cewa kat.”

To ku da za ku gaji teburin nan, abin da zan bar muku ke nan. Hatimi da sa hannu suna rufe fayil, amma ba su sanar da kowa komai. Mutanen da muke yi wa aiki mutane ne da za su jefar da abin da ke hannunsu su ɗauki gawar baƙon da ba su san sunansa ba. Irin waɗannan sun cancanci ka taka ka je, ka tuɓe takalmi, ka zauna, ka gaya musu magana da bakinka, komai nauyinta. In ka ji kunyar faɗinta a zaure, wata rana za ka faɗe ta da ihu a gaban gari, kuma ba kullum ake isowa kafin liman ya ɗaga hannu ba.